Juma'ar Rosaire

Tun farkon mako Rosaire ya daina shan ƙwayoyin rage zafi, kuma da gangan. Ciwon daji ya cinye masa ƙashi, likitoci sun amince a yi masa allurar da za ta raba shi da duniya ranar Juma'a. Sai dai dokar lardin Kebek na Kanada ta lokacin tana da sharaɗi: dab da allurar za a sake tambayarsa, ya amsa da bakinsa, cikin hankalinsa. Ƙwayoyin kuwa gusar da hankali suke yi.

Haka ya yi ta cizon matashi yana nishi, abin ba kyan gani, matarsa Ghislaine na riƙe da hannunsa. Ita ta yi ta kai shi asibiti neman izinin, ita ta toshe bakin ɗansu Yvon mai cewa rai na Allah ne.

"Ba kai ke jin ihunsa ba," in ji ta. "Ka bar ubanka ya huta."

Ran Juma'a da safe ta yi masa aski, ta sa masa rigar zuwa coci, ta haɗa masa shayi, ta malala zumar mapul, ruwan zaƙin nan na itace, ba awo.

"Tsohuwa, sai yau kika daina mini rowar zaƙi?" ya ce, ya shanye.

Wajen tsakar rana likita ta iso da jakarta, ta zauna a bakin gado.

"Rosaire, ka san abin da ya kawo ni?"

Ya yi murmushi, ido a lumshe. "Saniyar kika zo dubawa? Tana garke."

Shanun gonarsa kuwa an sayar da su da jimawa. Likita ta sake tambaya, ta sauya kalmomi, ba ta samu komai ba.

"Jiya ma ya faɗa, ni ce shaida!" Ghislaine ta ce.

"Bakinsa doka ke so, ba naki ba. Ba yadda zan yi. Zan dawo Juma'a mai zuwa." Likita ta yi wa Yvon, da ke tsaye a gefe, wani dogon kallo na zargi, ta rufe jakar.

Da yamma hankalin ya dawo, zafin ya biyo shi. Rosaire ya gane ɗakin, ya gane yana raye, ya fashe da kuka kamar yaro.

"Na sha azabar banza, Ghislaine. Ba zan iya wani makon ba."

"Za ka iya, tsohona. Ina nan."

Da hannu ɗaya take shafa kansa. Ɗayan yana aljihun rigarta, kan ƙullin ragowar ƙwayoyin da ta daka da safe ta zuba masa a shayi, tana auna ko za su isa wata Juma'ar.