Sawun Inna a Tsohuwar Taswira

Kawu ya dire sabon kwaɗo a kan tebur, daidai kan taswirorin da 'yar ƙanwarsa ta baje.

"Daga yau Inna ta daina fita," in ji shi. "Kullum sai an tsinto ta a filin ajiye motoci tana ta kwana-kwana. Jiya fa har sallama ta yi wa iska!"

'Yar ƙanwar tasa ko ɗagowa ba ta yi ba. Binciken tarihin unguwar take yi, kuma tun da rikicin tsufa ya kama kakarta ta saka mata waya a jaka tana bin sawunta. Wannan sawun ta zana a takarda mai shara-shara, ta ɗora kan taswirar bana. Layin ya yi ta karkacewa a fili fetal, babu gaira babu dalili.

"Kin gani ko?"

"Saurin me kake yi, Kawu?"

Ta zare ta bana, ta shimfiɗa wadda aka zana kafin a rushe gidajen wurin. Sai layin ya zauna daram cikin lunguna. Nan ya kauce wa rijiya, can ya zagaye katangar makaranta, bai ratsa gidan kowa ba, har ya tsaya a bakin wata ƙofa.

Kawu ya daɗe da yatsa a kan ƙofar.

"Nan aka haifi Inna," ya ce a hankali, ya mayar da kwaɗon aljihu. "Gobe ta jira ni in sa takalmi, mu tafi tare."