Kiran da Ya Shigo Ana Zuba Dekin

Injin kwaɓa kankare ya fara ruri tun rana ba ta gama fitowa ba, a wata masana'antar robobi da ake ƙara wa bene a Sharaɗa. Ranar zuba dekin ce, rufin kankaren nan da in an fara ba a tsayawa. Idan wanda aka zuba ya sha iska kafin na gaba ya riske shi, ba za su haɗe ba. Nan wurin zai tsage, ruwan damina ya shiga, rodi ya yi tsatsa a saman kawunan masu aiki a ƙasa.

Oga Bulus, heluman aikin, wato shugaban ma'aikatan, mutumin Zonkwa ne da ya yi furfura a Kano. Dokarsa ta ranar dekin kowa ya san ta: duk mai hawa sama ya jefa wayarsa cikin jakar da ke rataye a kafaɗarsa, sai an gama. Yau da rigar jiya ya zo, idanu jajur, ko tsiyar da ya saba yi wa masu ɗebo yashi bai yi ba. Matarsa Dorkas ma, mai kawo kunun zaƙi duk ranar dekin, shiru. Leburori suka yi ta mita kamar sun ba ta ajiya.

Musbahu ne ya miƙa tasa wayar a ƙarshe, da ƙyar. Ya baro matarsa Aina'u a asibiti, naƙuda tun jiya, ana zancen ƙarin jini da tiyata. Surukarsa ce ta kore shi, ta ce tsayuwarsa a ƙofa ba ita za ta fito da ɗa ba. Kuma shi kaɗai ya iya riƙe injin da ke girgiza kankare ya kori iska, ya cusa shi tsakanin rodi.

Aiki ya kankama. Siminti, yashi, tsakuwa, ruwa da awo. Kwanon sarki na hawa a kai cike, yana saukowa wayam. Musbahu na soka injinsa yana zarewa, amma kunnensa na kan jakar nan.

Rana na tsaka waya ta yi ƙara. Ƙananan wayoyin nan ne masu tocila, duk kukansu ɗaya. Oga Bulus ya juya baya, ya taka zuwa gefen katako, ya ciro wayar ya kara a kunne. Sai ya cire hularsa. Da ya gama ya zura wayar a aljihun wando, ya juyo, idonsa ya faɗa kan Musbahu.

Musbahu ya ajiye injinsa, ya matso. Ya ce, "Oga, tawa ce? Don Allah ku faɗa mini."

"Ba taka ba ce. Koma kan injinka, gefen can na shan iska."

To, wa ya taɓa gaya wa mutum rasuwar matarsa yana tsaye a saman bene? Haka kowa ke cewa. Leburori suka sunkuyar da kai, mai waƙar da ke ƙarfafa musu gwiwa ya yi gum. Wani dattijo ya dafa kafaɗar Musbahu ya wuce, wannan dafawar ta fi kowace magana ciwo.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Idan Aina'u ta rasu, ba za a jira shi ba. Za a yi mata wanka, a sallace ta a ƙofar gidansu a Dorayi, kafin la'asar an rufe ta, shi yana nan yana girgiza kankaren wani. Da ya sauka sallar azahar ya tsaya yana kallon ƙofar fita. Ba wanda ya tare shi. Tsoro ne ya mayar da shi sama, don muddin bai ji da kunnensa ba, tana da rai.

Ya tsani Oga Bulus a ranar, tsana ta gaske. Mutumin kuwa sai ƙara zafi yake. Ya daka wa mai injin kwaɓi tsawa kan ya cika ruwa, ya sa aka sake kwaɓi guda. Da aka zo shafe, abin da ya bar wa yara shekara da shekaru, sai ya karɓi katakon da kansa, ya durƙusa yana lailaye fuskar dekin, kansa a ƙasa, ba ya son kowa kusa da shi.

Bayan la'asar kwanon ƙarshe ya hau. Ko a nan Oga Bulus bai buɗe jakar ba. Ya kira Ado mai gadi, ya ce da zarar saman ya kama a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har sama da mako, kada rana ta ƙona shi. Ya maimaita, ya ce kada a jira zuwansa.

Sannan ya zazzage jakar. Wayar Musbahu na ciki, ba kiran kowa. Nan take Musbahu ya kira surukarsa. Ta ɗauka da guɗa: yanzun nan aka fito da Aina'u, an samu mace, duk suna lafiya.

Ya zauna daɓas a kan yashi, kuka da dariya suka haɗe masa. Sai kunya ta kama shi. Ya tashi ya sami Oga Bulus a bakin durom yana wanke siminti daga hannunsa, ya faɗa masa, ya kuma roƙe shi gafarar zargin da ya yi masa.

"Barka. Allah ya raya," in ji Oga Bulus.

"Amin. To Oga, ɗazu wa aka kira?"

Dattijon ya ci gaba da cuɗa yatsunsa cikin ruwan, duk da sun riga sun fita tas.

"Ni aka kira. Dorkas ce ta cika. Mu ba ma gaggawar kai namu, na san za ta jira ni in gama."