Rafi na Biyar a Hanyar Boali

"Hajiya, a sauko a ga wannan rafin ma," in ji Luqman, kansa a sunkuye irin na suruki mai kunya.

Hajiya Rabi'atu ta sauko daga mota tana gyara mayafi. Tun da suka baro unguwarsu ta Kilomita Biyar zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a garin Boali, duk rafin da suka tarar sai mijin 'yarta ya tsaya. Ita kuwa sai ta ba mota baya, ta ɗauki kanta hoto, ta tura wa zauren matan unguwa a waya.

Wannan karon har da murya ta haɗa: "Masu hawa babur, ku sha kallo! Mu ba ma sauri. Yawon manya ke nan."

Ta taɓe baki, ta zauna jiran hassada.

Maƙwabciyarta Hureira ce ta fara amsawa: "Hajiya, duba hoton da kyau."

Ta duba. Can bayan kafaɗarta ga Luqman, murfin inji a ɗage, tururi na tashi, yana ɗura wa mota ruwa da butar alwalarta.

Hureira ta ƙara da cewa: "Duk hotuna biyar ɗin yana ciki. Allah Ya ba motar lafiya."