Wanda Ya Haƙa Rijiyar

Karo na uku ke nan Dakta Bahauddeen yana soke wa ɗalibarsa Siddiqa babi na biyu na kundin bincikenta. Haka yake yi kullum: ya karkata takarda, ya riƙe jan biro da hannun hagu, ya rubuta “Ina tushe?” a gefe. Littafinsa ne kaɗai ya kawo labarin maharbin da ya haƙa tsohuwar rijiyar wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Ya ce ba zai sa hannu a kundin digirinta ba sai ta samo wanda ya ji labarin daga bakin kakansa. In wata ya ƙare ba ta samo ba, ta ƙara shekara a jami'a ke nan.

Ta tafi ƙauyen ranta a ɓace. Dattawa tara ta zauna da su, kowanne sai an tambayi gida da gona kafin a zo kan magana. Labarin dai ɗaya ne: maharbi Ɗantala ya biyo barewa, ƙishirwa ta kama shi, ya haƙa rijiya. Abin haushi, har wurin da suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne. In ta tambayi wa ya faɗa musu, sai a tura ta gaba. Liman ya ce mai unguwa, mai unguwa ya ce Lado mai gyaɗa, Lado ya ce yayarsa.

Ta tarar da yayar, Iya Saude, tana ɓare gyaɗa a tsakar gida. Tsohuwar ta bari Siddiqa ta gama kokenta, sannan ta yi dariya. Ta ce su dai sun tashi sun ga rijiya sun sha ruwa, ba wanda ya taɓa tambayar mai haƙa ta. Amma a garin nan ba a barin baƙo ya tafi hannu rabbana, abin da wani baƙo ya bari shi ake ba na bayansa.

Siddiqa ta ji kamar ta fashe da kuka. Ta tambaya wane baƙo ne wannan.

“Wani ɗan jami'a ne, 'yar nan, an fi shekara talatin. Kwana uku yana tambayarmu, muna cewa ba mu sani ba. Ya ce in ya koma haka faɗuwa zai yi. Sai ya zauna nan gindin rumbu ya shirya wannan, ya yi ta karanta mana har muka haddace, ko da malaminsa zai biyo sawu. Mu abin da ya ba mu dariya ma, da hannun hagu yake rubutu.”