Fuskar Dariyar da Auta Ke Sawa

A dangin, kowa cewa yake Yaya Babba ba ta san wasa ba. Ƙannenta suna faɗa, matan ƙannenta ma sun ɗauka. Ita kuwa tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ta koma ɗakin da ke kusa da nasa. Ita ke juya shi, ta goge masa jiki, ta niƙa ƙwayar magani a cokali don ba ya iya haɗiya.

Sauran suna nesa, sai a zauren dangi na waya ake haɗuwa. Zauren kuma yana da dokarsa da ba wanda ya rubuta: ka yi gatse yadda ka ga dama, in dai ka liƙa fuskar nan mai dariya har da hawaye a ƙarshe, ba wanda ya isa ya yi fushi. Auta ne gwanin abin.

Yaya takan rubuta, "Yau Baba bai ci komai ba, ƙafarsa ta kumbura."

Sai Auta ya amsa, "Rahoton babbar likita ya iso, a tafa mata." Ga fuskar a gefe. Kafin ta ajiye wayar, fuskoki sun yi layi a ƙasa.

Sau ɗaya ta yi magana. Auta ya ce, "Haba Yaya, ba ki ga alamar ba? Ke komai sai ki ɗauka da zafi."

Akwai ranar da numfashin Baba ya canja, ta tara su hankali a tashe, ya kuma farfaɗo. Daga nan suka laƙaba mata suna Gidan Rediyo. Ta daina rubutu a zauren, ba kuma wanda ya tambayi dalili.

Da jikin ya tsananta, Baba ya shiga kiran Auta da harshensa mai nauyi. Ko an buɗe ƙofa sai ya juya ido. Ta rubuta saƙo, ta tuna layin fuskokin, ta goge. Sai ta kira Auta a waya. Bai ɗaga ba, saƙo ya turo. Ta karanta, ta kifa wayar a kan tire ɗin magani, ta ci gaba da yi wa Baba fifita.

Washegari da hantsi Baba ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Auta ya same ta a ɗakin tana naɗe zanen gado. Idanunsa sun yi ja.

"Yaya, an ce ya yi ta kirana. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na kira ka."

"Ina cikin taro ne. Ai na turo miki saƙo."

"Ka turo. Buɗe ka karanta mini shi da bakinka. Kalmomin kawai, bar hoton."

Ya ciro wayar, ya fara, "An buɗe tasha ke nan? Wa ya mutu yau kuma..." Muryarsa ta tsaya a nan. Ba dariya a ɗakin, sai gadon da ba kowa da kwalaben magani a kan taga.

Ya durƙusa a gabanta. "Yaya, na cuce ki. Ki yafe mini."

Ta gama naɗe zanen tukuna. "Na yafe, Auta. Amma ba ni ce na yi ta kallon ƙofa ba."

Mai karatu, alamar dariya ba ta cire dafin magana, mai rubutun kawai take ɓoyewa. Kafin ka tura gatse, cire hoton ka faɗe shi da baki. In ba za ka iya faɗa a gaban mutum ba, kada ka rubuta masa.