Tsagen Inna

Da aka daina rubuta shafin intanet da hannu, Ladiyo mai haɗa shafuka ta fi kowa murna. Ka ja hoto da yatsa, na'ura ta ƙarasa sauran. Kullum sai ta tsokani kawunta Tanimu, wanda har yanzu harafi-harafi yake buga nasa a shagonsa da ke Sabon Birni.

Ran nan tana haɗa shafin tunawa da kakarta Inna, sai na'urar ta goge tsagen Gobirawan da ke kumatun tsohuwar. Ta sake ɗora hoton, ta sake gogewa, har da sanarwa: "An gyara fuska."

Ta yafa mayafi, sai shagon kawun.

"Kawu, ta shafe mini Inna. Na rasa inda zan ce ta bari."

"Ba za ki samu ba," in ji shi. "Maƙeranta ba su san tsage ado ba ne." Ya tura mata kibod. "Zauna. Ina faɗa, kina bugawa."

Yatsunta suka yi ta tuntuɓe, layi bayan layi. Can sai ga fuskar Inna, ko tsage ɗaya bai ɓace ba.

Ladiyo ta daɗe tana kallo.

"Kawu, gobe ƙarfe nawa kake buɗewa?"