Ba a Faransanci a Gidan Nan

Sakamakon jarrabawar Turanci ya fito. Ni da mijina duk mun ci.

Tun bazara muka haramta Faransanci a gidanmu na birnin Lyon a Faransa, don bakinmu ya saba da Turanci. Littafin koyon Turancin ya koya mana gaisuwa da roƙo da godiya, amma babu darasin faɗa. Mu da muke shirin rabuwa, sai ga mu muna "don Allah miƙo cuku", "na gode, masoyi".

Na gyara murya, na ce da Faransanci, "To, sarkin lalaci, mu koma inda muka tsaya. Wa zai tafi da karen?"

Ya zuba mini kofi, ya amsa da Turanci: "Yi haƙuri, madam, ban gane ba. Mu shiga aji na gaba?"